Horon da Muka Raba Biyu

Duk wanda ya sake ce min mijina ya iya taimakon gaggawa, wallahi sai na gaya masa maganar da za ta hana shi cin tuwo, ko da kuwa ya haife ni. Na gaji. A Kibiya yanzu ko mai shayi ka tambaya, zai ce maka ai Habu direba ya yi iya ƙoƙarinsa ranar da nama ya shaƙe ubansa, tunda shi ne mai horo. To ni ce matar Habun, sunana Ramlatu, kuma a gaban idona aka yi komai. E, na faɗi sunansa, kada wata ta riƙe baki. Shekara tara ina ce masa Maigida, ya isa haka.

Abin ya faro ne da kaka, ana yankan dawa. Wata ƙungiya ta zo daga Kano ta ce za ta koya wa direbobi abin da za su yi wa mutum in ya ji ciwo ko ya faɗi, kafin a kai shi asibiti. Aka rubuta mutum ashirin a tashar Kibiya, ashirin a ta Rano. Wai tsarin zamani ne: rabin karatun a waya, darasi takwas, kowanne da bidiyo da tambayoyi a ƙarshe, wanda ya gama kuma sai ya je Rano rana ɗaya a gwada masa da hannu. Habu ya shigo da la'asar yana washe baki, ya ajiye min babbar wayarsa a kan tabarma.

Ya ce, "Ke da kika yi sakandare, danna min abin nan. Ni ina kan hanya, yaushe zan zauna kallon katun?"

Na ce, "Maigida, ai kai aka ce ka koya."

"Na hannun shi ne koyo. Wannan cika sharaɗi ne kawai. Kowa a tasha haka ya yi, wasu ma mai cajin waya ne ya danna musu."

Ya ɗauki ƙaramar wayarsa ta kira ya fice. Haka aka raba horon nan biyu a gidanmu kamar ana raba goro, kuma ba wanda ya ga laifin hakan, har da ni.

Kada in yi wa kaina ƙarya, abin ya yi min daɗi. A gidanmu sabis ba ya kamawa sai a bayan rumbu, kusa da turken awaki, don haka in na gama shara da wanke-wanke sai in kai kujera can in zauna da hantsi. A bidiyon akwai wani mutumin zane mai koriyar riga, kullum shi ne a cikin masifa. Yau ya ƙone, gobe ya yanke da wuƙa, jibi ya faɗo daga babur. Har na ce wannan bawan Allah a taimaka a kai shi a yi masa addu'a. Darasi biyar na farko na kalle su tsaf, wasu ma sau biyu. A na huɗu ne mai koriyar riga ya shaƙe da abinci, ya kama maƙogwaronsa da hannu biyu, wani ya zo ya sunkuyar da shi ya dake shi a baya.

Surukina, wanda muke ce wa Baba, ya kan bi ta nan in zai duba tumakinsa. Ba ya kallona, sai ya fuskanci rumbu ya kira ni da sunan garinmu ya ce, "'Yar Zinyau, likita za ki zamar mana ne?" Ni kuma in durƙusa in rufe fuska ina dariya. Haka muke da shi. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa miƙa masa abu hannu da hannu ba, komai sai ta hannun Iya, uwar mijina. Amma ranar kasuwa ba ya dawowa bai kawo min rake ko goruba ba, ya ajiye a bakin ƙofar ɗakina ya yi gyaran murya ya wuce. Lokacin da na yi ɓari sau biyu a jere dangi suka fara ƙananan maganganu, shi ne ya tara su ya ce duk wanda ya sake zancen kada ya ƙara taka masa soro. A gidan nan kaf ba ni da kamarsa.

Darasi uku na ƙarshe kuwa, ha'inci na yi. Wa'adi ya zo, Habu yana ta min masifa wai za a cire sunansa, sabis kuma ya ƙi. Sai na riƙa jan bidiyon da yatsa har ƙarshe, in faɗa kan tambayoyin da canke. In ka faɗi ba abin da ake yi maka, sai a ce sake gwadawa, ka yi ta sakewa har ka dace. Da haka Habu direba, wanda bai kalli ko minti ɗaya ba, ya ci ɗari bisa ɗari.

Ranar zuwa Rano na ce ya tafi da ni, ko daga baya ne in tsaya in gani.

Ya ce, "Da sunan wa? Kuma cikin direbobi? Ke dai ba ki rasa abin faɗa."

Shi kansa bai je da wuri ba. Lodi ya samu da safe, ya ce ba zai bar shi ba, ya kai Kano ya dawo. Ya isa wurin ana kiran Azahar, an riga an gama bayanin tsayar da jini da na shaƙewa. Ya tarar ana danna ƙirji, mutum arba'in a kan mutum-mutumin roba biyu. Layi ya zo kansa, mai koyarwa ya gyara masa hannu, ya danna na kamar minti biyu, aka ce yawwa, na gaba. Ya ci shinkafa, aka ɗauki hoto, ya dawo da takardar shaida. Shi da bakinsa ya ba ni labarin yana dariya. Na kawo matashi na ce to gwada min yadda ake yi, ya ce ya gaji, sai gobe. Goben nan har yau ba ta zo ba.

Su kuma masu ƙungiyar, Allah ya shirye su. Wa ya gaya musu mai suna shi ne mai riƙe da waya? Sun taɓa zama a gida ɗaya a garin nan sun ga yadda waya ke yawo daga hannu zuwa hannu? Bayan wata uku na ce bari in koma in kalli ukun da na tsallake, sai abin ya rubuto min wai lokacin karatu ya ƙare. Ya ƙare! Kamar dai mutane sun yi alkawarin ba za su ƙara shaƙewa ba bayan wata uku. Ba wanda ya kira, ba wanda ya dawo ya tambayi direba ko ɗaya abin da ya rage a kansa. Ni ma na watsar, na ci gaba da harkokina.

Wata takwas ke nan, sai ga Babbar Sallah. Kashegari bayan Azahar ina tsakar gida ina suya, Iya tana gefe tana tsame nama tana barbaɗa yaji. Maza suna soro: Baba, da ƙanensa Baffa Shitu, da Habu, da maƙwabta uku. Na aika musu da tire guda, na kuma ware wa Baba hanta a ƙaramin kwano, na yanka ta ƙanana, don turamen bakinsa duk sun zube. Daga baya na ji wai ture kwanon ya yi, ya ce shi ba jariri ba ne, ya kai hannu tiren maza ya ɗauko tsoka mai jijiya.

Na zuba kason ƙarshe a mai ke nan, sai na ji Baffa Shitu yana ƙwala kira.

"Ruwa! A kawo ruwa maza!"

Na ɗebo a moɗa na ruga. Na tsaya a bakin ƙofar soro ta ciki, inda na saba tsayawa, na miƙa hannu ba tare da na shiga ba. Sai na leƙa. Baba yana tsaye, ya kama maƙogwaronsa da hannu biyu, baki buɗe, idanu waje. Ba tari, ba magana, ba sauti ko kaɗan. Sak mai koriyar riga. Na janye moɗar.

Na ce, "Kada a ba shi ruwa."

Amma da wace murya? Da muryar da na saba gaida su da ita, can ƙasa, kamar mai neman izini. Baffa Shitu ya fizge moɗar daga hannuna bai ko dube ni ba. Ya kafa ta a bakin Baba, ruwan ya dawo ta gefen baki ya jiƙa masa riga.

Na ce, "Maigida, sunkuyar da shi. Ka dake shi a baya, tsakanin kafaɗu."

Habu ya zagaya ya fara bubbuga bayan Baba a hankali, kamar mai lallashin jariri ya yi gyatsa.

"Ba haka ba! Da ƙarfi!"

Ya juyo ya zare min ido. "Ke! Ubana zan daka?"

Kun ji fa. Ubansa yana mutuwa a tsaye, shi kuma ladabi yake yi. Mutumin da ke fasa ƙofar mota da duka in ta ƙi rufuwa, yau hannunsa ya zama auduga. Maƙwabcinmu ɗaya ya ce ai Habu ya yi horo, a ba shi wuri. Aka ja baya aka ba shi wuri kuwa, ya tsaya yana zazzare ido, sai ya zaro waya daga aljihu ya fara lalube. Wai darasin yake nema. Darasin da bai taɓa buɗewa ba, wanda aka rufe tun wata biyar da suka wuce.

Baffa Shitu ya ga ina nan tsaye, ɗankwali ya zame, hannu duk mai. Ya daka min tsawa.

"Me kike yi a nan cikin maza? Koma ciki!"

Na koma. Taku uku na yi baya na tsaya a jikin bango inda ba za su gan ni ba. Iya ta iso tana salati, ta kama min zani gam.

Ta ce, "Ina za ki? Surukinki ne fa. Bari maza su yi."

Ina tsaye a nan ina jin abin da maza suke yi. Na ji sun kwantar da shi rigingine. Na ji Baffa yana cewa a buɗe bakin, zai sa yatsa ya zaƙulo. Na san an hana wannan, na san ƙara tura naman ciki zai yi, na kuma yi shiru. A kaina ina ta kiran darasin nan na huɗu ya dawo. Kiɗan da ake sawa a farkon bidiyon ya dawo tsaf, har zan iya rera shi. Launin rigar ya dawo. Amma duka nawa ake yi? Biyar ne ko goma? Bayan dukan akwai wani abu da ake yi da dunƙulen hannu a ciki, to a ina ake sa shi, saman cibiya ko ƙasanta? Babu. Abin da na kalla sau biyu, na amsa tambayoyinsa daidai, ya zube daga kaina kamar ruwa a kwando, don hannuna bai taɓa yin sa ba ko sau ɗaya.

Sai na ji ƙafar Baba tana shure tabarma. Shuri biyu, uku, na huɗun ya fi rauni.

Ban san lokacin da na fizge zanina daga hannun Iya ba. Na faɗa soron nan, na ture maƙwabcin da ke gabana. Fuskar Baba ta yi wani irin duhu, leɓensa kamar an shafa toka. Na kama kafaɗunsa na ɗago shi zaune, na sunkuyar da shi a kan hannuna na hagu, na dunƙule ƙarfina duka na maka masa tafin hannu a baya. Wani ya ce subhanallahi. Baffa ya ce, "Ke mahaukaciya ce?" Na ƙara. Na ƙara. Ban ƙirga ba, na dai yi ta duka har hannuna ya yi zafi, ba abin da ya fito.

Na durƙusa a bayansa na rungume shi. Ni, Ramlatu, na rungume uban mijina a gaban maza biyar. Na sa dunƙulen hannu inda na ga dama, don ban tuna wurin ba, na ja da ƙarfi. Na farko ina jin a cibiya na sa, ya yi ƙasa da yawa. Na matsa sama na sake ja. A na uku jikinsa ya saki gaba ɗaya, kansa ya faɗo gefe, nauyinsa ya rinjaye ni muka zube tare.

Baffa Shitu ya sunkuya ya duba idon, ya ɗaga hannun Baba ya saki.

Ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ya cika. A miƙe masa ƙafafu, a kawo mayafi."

Iya ta fasa kuka daga ciki. Habu ya zauna daɓas a ƙasa ya ɗora hannu a ka.

A nan ne wani abu ya faɗo min, kuma ba daga darussan da na kalla da kyau ba. Daga cikin ukun da na yi wa ha'inci ne. Akwai wata tambaya da na faɗi sau uku har na yi tsaki, haushinta ya sa ta zauna min: in wanda ya shaƙe ya suma, me za a yi? Na zaɓi yayyafa ruwa, aka ce a'a. Na zaɓi fifita, aka ce a'a. Na zaɓi a jira mota, aka ce a'a. Amsar ita ce a fara danna ƙirji nan take. Amsar kawai na sani. Yadda ake yin sa ban taɓa gani ba, don bidiyon na ja shi da yatsa. Mutum ɗaya ne a soron nan wanda hannunsa ya taɓa yi, ga shi can a zaune yana kuka.

"Habu!"

Ya ɗago a firgice. Ko Baffa sai da ya waiwayo.

"Habu, tashi! Abin da ka yi a Rano, yanzu ne. Danna masa ƙirji!"

Baffa ya ce, "Ba za ku wulaƙanta min gawar ɗan'uwa ba. Yarinyar nan ki fita kafin raina ya ɓaci."

Na ce, "Ya ɓaci, Baffa! Ya daɗe bai ɓaci ba!"

Na cafko wuyan rigar Habu na jawo shi. Ya durƙusa a gefen ubansa, kuma ga abin mamaki, hannuwansa suka tafi da kansu. Ya ɗora ɗaya kan ɗaya a tsakiyar ƙirji, ya sarƙe yatsu, ya miƙar da gwiwar hannu. Minti biyun nan na Rano suna nan a jikinsa, bai ma san suna nan ba.

Ya ce, "Sau nawa? An faɗa mana, na manta."

"Ni na sani? Yi ta yi!"

Ya fara, amma sama-sama. Na ce da ƙarfi, kai ka ce sai robar ta nutsa ake cewa ka yi daidai. Ya ƙara ƙarfi. Sai muka ji ƙas, kamar an taka busasshen kara. Haƙarƙari ne. Habu ya ɗauke hannu kamar ya taɓa wuta, ya ce ya karya ubansa. Na ce ka karya goma ma, ci gaba, in ka tsaya wallahi ba zan yafe maka ba. Ya ci gaba yana kuka, majina tana zuba a kan rigar Sallar Baba. Ni kuma na riƙe kan, ina buɗe bakin ina dubawa. Baffa yana tsaye a kanmu da mayafi a hannu yana faɗa, ban ma jin abin da yake cewa.

Can sai na hango naman a ƙarshen harshe, ya taso. Na sa yatsu biyu na kamo shi. Tsoka ce da jijiya a jikinta, ba ta fi babban yatsana ba. Na jefar, na ce wa Habu ya hura masa iska a baki. Ya toshe hancin ya hura, wannan ma hannunsa ne ya tuna, ƙirjin ya taso. Ya sake dannawa, ya sake hurawa. A karo na uku Baba ya ja wani numfashi mai ƙara kamar ana jan ƙofar langa-langa.

A lokacin ne na ji ƙauri. Hayaƙi ya cika tsakar gida, naman da na bari a wuta ya zama gawayi.

Aka sa shi a motar Habu aka yi Rano, daga can aka tura su Kano. Rana ta huɗu na bi Iya muka kai abinci. Baba yana kwance, ido buɗe, yana kallon silin. Likitar mace ce, ba ta da yawan magana. Ta tambayi Habu tsawon lokacin da ya yi babu numfashi. Habu ya ce bai fi minti uku ba. Baffa ya ce ai nan da nan aka yi komai. Na ce daga bayan Iya, "Likita, ba ni da agogo. Amma na zuba nama a mai aka yi ihu, kuma sai da ya ƙone ƙurmus kafin ya ja numfashi."

Ta dube ni. Sannan ta ce ƙwaƙwalwa ba ta jure rashin iska sai na 'yan mintoci, abin da ya lalace kuma ba lalle ya dawo ba. Ta ce danna ƙirjin da aka yi shi ya sa yake raye. Habu ya gyara tsayuwa. Sai ta ƙara da cewa da an fitar da naman tun yana tsaye, da ko asibiti ba sai mun zo ba.

A mota muna dawowa ba wanda ya maimaita wannan maganar ta ƙarshe. Ta farkon ce ta riga mu isa Kibiya.

Yau wata huɗu ke nan. Baba yana gida. Yana zama in an zaunar da shi, yana bin mutum da ido, amma ba ya magana, kuma ban ga alamar ya san kowa ba. Tumakinsa suna kuka a turke ba ya ko waiwayawa. Haɗiya tana yi masa wuya, likita ta ce kunu mai kauri kawai, a zaune, da ƙaramin cokali, a jira ya haɗiye kafin a ƙara. Kofi ɗaya sai ya ci mana kusan awa guda. Hannun Iya rawa yake yi, ta gwada sau biyu ya ƙware, ta ce ba za ta iya ba. Habu yana hanya tun asuba. To wa ya rage? Ni nake tallafe masa kai a kafaɗata sau uku a rana, ni nake goge masa baki, ni nake yanke masa farce. Ban ji wanda ya ce surukinki ne fa ba.

Ranar Juma'ar da ta wuce Baffa Shitu ya zo dubiya bayan masallaci. Ya shigo har ƙofar ɗakin Iya, ya tarar ina ba Baba kunu. Ya tsaya da carbinsa yana kallo.

Ya ce, "Sannu, Ramlatu. Allah ya yi miki albarka. Ki riƙa ɗaga masa haɓa kaɗan, ki tallafe shi da kyau."

Na jira Baba ya haɗiye.

Ya ce, "Haka Allah ya ƙaddara. Ba yadda muka iya."

Na ajiye cokalin a cikin kofi. Iya ta ƙifta min ido, na yi kamar ban gani ba.

Na ce, "Baffa, na yarda da ƙaddara. Amma akwai yadda muka iya. Yau kai ne kake koya min yadda zan riƙe shi? Ranar da riƙon zai yi amfani, yana tsaye da ƙafafunsa, yana da hankalinsa, ka ce in koma ciki."

Na jira ya yi min tsawa, wallahi so nake ya yi, in samu wanda zan juye wa abin da ke cina. Bai yi ba. Ya sunkuyar da kai, ya ce Allah ya ƙara sauƙi, ya juya a hankali ya fita. Sai a lokacin na lura shi ma ya tsufa a wata huɗun nan.

Iya ta ce, "Kin kyauta ke nan? Tsoho da shi?"

Na ce, "Iya, shi faɗa kawai ya yi. A duk gidan nan ni kaɗai na san abin da ke faruwa, na gane shi tun kallon farko. Ya ce in koma, ni kuma na koma."

Kunu ya ɗan zubo ta gefen bakin Baba, na sa gefen zanina na goge, na ɗebo wani cokalin na tsaya ina jira ya buɗe baki.